Akuna da Jan Yatsan Gwaggo Mai Ƙuli

Duk wanda ya ce maka aku na gane maye, tambaye shi ko ya taɓa zama gida ɗaya da aku. Ni na zauna da shi shekara da shekaru, kuma abin da zan iya dafa littafi a kai shi ne tsuntsun nan bai gane komi a duniya sai cikinsa. Ko ni da ke ba shi ci da sha, in na sake hula sai ya riƙa kallona kamar ɗan sandan da ya tare babur ba lamba.

A lokacin ina da rumfar gyaran babur a Anka, kusa da inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinjan ƙauye. Shekarun nan ne da zinari ya haukata ƙasarmu, manomi ya jingine kalme ya ɗauki diga, baƙi sunka cika gari da harsunan da ko rediyo bai san su ba. Cikinsu akwai wani mutumin kudu, mai yawan salla, mai Hausa kamar ana jan kwano bisa tsakuwa. Shi ya zo da akun cikin kejin waya ɗaure bayan babur. Ya ce in riƙe mashi, bakin rami ƙura ta yi yawa. Da raminsu ya ƙi ba da komi sai ya ce zai leƙa wajen Bukkuyum ya dawo. Har yau yana dawowa.

Ya bar mani tsuntsu mai ruwan toka da jan bindi, da 'yar jaka cike da kwakwar manja, jajaye masu maiƙo, ya ce ita ce tuwon garinsu. Da ta ƙare sai na koma roƙon direbobin da ke zuwa kudu su riƙa riƙo mani. Ni da ban taɓa aiken kowa ya sayo wa kaina tsaraba ba.

Magana kam bai koyi ta kirki ba. Abin da ya ƙware a kai shi ne kukan babur mai ƙin tashi. Sai in gama gyara, mai babur ya hau ya taka, inji ya kama lafiya lau, sai ɗan banzan nan ya yi tari daga cikin keji, mutum ya kashe babur ya sauko yana cewa ban gyara ba.

Cizo kuwa, da fatar hannuna na yi karatunsa. Aku ba shi da hannu, bakinsa ne hannunsa. In ka miƙa mashi yatsa zai fara kama shi da baki ya girgiza, ya ji ko reshen na iya ɗaukarsa, yadda kake taka tsani kafin ka hau. In ka daure sai ya hau. In ka fizge, to ka ce mashi reshen ruɓaɓɓe ne, sai ya ƙara damƙewa don kada ya faɗi. Na fushi daban yake, kuma bai taɓa yin sa ba sanarwa. Gashin wuyansa zai miƙe, ƙwayar idonsa ta riƙa tsukewa tana buɗewa, ya sunkuyar da kai yana gurnani. Wanda ya ga wannan kuma ya sa hannu, to ko gaban alƙali tsuntsu ke da gaskiya. 'Yan kabu-kabu duk sun san haka, don tun farkon zuwansa kowa ya ba da zakkar yatsa, daga baya anka yi sulhu. Har kafaɗarsu yake hawa yana cire masu maɓallin riga.

Mutum ɗaya ce sulhu ya ƙi kamawa tsakaninsu, Gwaggo mai ƙuli.

Ba gwaggona ba ce ta jini, ƙawar Innata ce. Aure ya kawo ta Anka daga wajen Gummi, mijin ya rasu, ɗiyarta ɗaya tilo kuma tana aure can Gummin. Ba ta da yaron talla, ita ke ɗauko tirenta da kanta kullum da hantsi, kuma rumfata ce zangonta na farko. Ƙulinta irin wanda in ka tauna sai na kusa da kai ya waiwayo. Matsar tunkuza da zafin kasko sun farfasa mata hannu, shi ya sa ba ta rabo da lalle. Yatsunta kullum jawur, kullum suna ƙyallin man gyaɗa.

Ta ɗauki son duniya ta ɗora wa tsuntsun nan. Mijina take ce mashi. Da ta sauke tire sai ta nufi keji da guntun ƙuli a tsinin yatsa, shi kuwa sai ya tsallake ƙulin ya cafke yatsan. Ta fizge, ya riƙe, ta yi salati, mu kuma mu faɗi ƙasa don dariya.

"Gwaggo, wanga miji naki ba shi son ki," in ce mata. "Ki kai ƙara a raba auren."

"Kishi na, ɗan nan," ta ce tana tsotsar yatsa. "Ya gan ni ina ba ƙatti ƙuli kyauta."

Kuma gaskiya ta faɗi. Ba ɗan kabu-kabun da ke zama bencina da bai ci kyautar ƙulinta ba. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kamar in haɗiye sifana.

Ana nan sai yara sunka fara mutuwa a ƙauyuka. Daga Sunke a ji labari, daga Duza a ji, daga Tungar Daji a ji. Yaro na wasa sai ya kama jijjiga, ido ya kafe. Likitoci sunka zo sunka ce gubar dalma ce, tana cikin ƙurar dutsen da ake niƙawa ana dakawa cikin gidaje. Kowa ya ji, amma ba kowa ya so ya ji ba, don in dalma ce to sai a rufe injin niƙan dutse. In kuwa mayya ce, inji na iya ci gaba da aiki.

A unguwarmu akwai wani mai injin niƙa. Da can gero da dawa yake niƙa wa mata, da zinari ya zo ya kori matan ya koma niƙa dutse bayan gidansa. Ƙura a gidan nan, in kaza ta shiga baƙa sai ta fito ta yi furfura. Yana da 'yar ɗiya da ba ta daɗe da fara tafiya ba, sai ga ta ta kama jijjiga. Kafin azahar an tuna cewa jiya Gwaggo ta ba ta ƙuli a ƙofar gida. Kafin la'asar kuma, a bisa bencina, ƙarƙashin inuwar rumfata, wani ɗan kabu-kabu mai haƙoran gaba kamar faranti ya ce, "Yo ai ko akun bakanike ya san ta. Kun taɓa ganin ya ƙyale ta? Dabba na ganin abin da ba mu gani."

Na ɗauka wasa ne, har na ce mashi in haka ne kai ma ranar da ya cije ka kurwar wa ka ci. Ba wanda ya yi dariya. Washegari Gwaggo ta zo da tire cike ta koma da shi cike. Mata na ganinta suna jan yaransu cikin zaure. Wata da ta saba aiko da kwano a zuba mata man gyaɗa ta aiko a maido mata kwanonta haka nan. Magana ta kai ga mai unguwa, anka ce tsohuwa za ta zo ta tsallake yarinya ta sakar mata kurwa. To kun san abin da tsallakewa ke nufi a wurinmu. Wadda ta tsallake ta amsa maita da ƙafarta. Ko liman ya wanke ta da zamzam, sunan ya zauna har jikoki.

Ran nan ban taɓa babur ko ɗaya ba. Na zauna na sa tsuntsu gaba ina tunanin yadda yake yi in ya ga Gwaggo. Gashin wuya bai tashi. Gurnani babu. Kai yake kaɗawa, yana taka sanda daga wannan gefe zuwa wancan, yana wani ƙwar-ƙwar a maƙogwaro. Na san kukan nan. Na sa hannu cikin jaka na ɗauko kwakwar manja guda, kafin in ɗaga ta ya fara ƙwar-ƙwar ɗin. Na dubi abin da ke hannuna, ja, mai maiƙo, dai-dai kan yatsa. Wato duk watannin nan ɗan iskan tsuntsu ba mayya yake gani ba, abincin garinsu yake gani yana zuwa da ƙafarsa, in ya kama kuma a fizge mashi.

Na tashi na sami mai injin a ƙofar gidansa, gira da gemu duk fari da ƙura. Na yi mashi ya mai jiki, sannan na zayyana mashi komi.

Ya ce, "Kai bakanike, ɗiyata na ciki kwance, kai kana kawo mani zancen kwakwa."

Na ce, "Maigida, kai ta asibiti. Ka ji abin da anka ce game da ƙurar ga."

"Ƙurar ga ni ka shaƙarta tun asuba har magariba. Mi ta yi mani?"

"Kai ƙato na, ita jinjira ta."

"Tsuntsunka dai ya hwaɗi gaskiya, kai ka son rufewa don ƙulin banza da kaka ci."

Nan na ga baki ba zai yi ba, sai an gani da ido. Na tafi gida na ce wa Inna ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mani yatsa ɗaya. Ta dube ni tun daga hula har silifa.

"Aure za ka yi ban sani ba, ko sana'a ka sake?"

Na gaya mata dalili. Sai ta ɗauko lallen da ta fi ji da shi, ta tsuga mashi lemun tsami, ta ƙunsa mani manuniyar dama ta ɗaure da tsumma kamar mai ɗaure bakin buhu. Da gari ya waye yatsan nan ya yi jan da ko amaryar sarkin fawa sai ta yi hassada. Na shafe shi da man gyaɗa, na sa hannu aljihu, na ɗauki keji.

An taru ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. An shimfiɗa tabarma an kwantar da yarinya, uwarta na tsugune gefe cikin mayafi. Gwaggo na zaune ita kaɗai can nesa bisa ɗan dutse, an bar mata fili kamar mai ƙyanda. Na aje keji tsakiya na nemi izini.

Na ce, "Ranka shi daɗe, tunda an mai da tsuntsuna alƙali, to a bari alƙali shi yi zama gaban kowa."

Na buɗe keji na miƙa yatsan hagu, wanda ba lalle. Ya kama da baki, ya girgiza, ya hau, ya zauna yana gyaran gashi kamar hakimi. Na mai da shi. Na ce kowa ya gani, sunka ce sun gani. Sai na zaro na dama.

Jama'a, na sha cizon aku, amma na ran nan daban ne. Tun jiya na hana shi kwakwa don shaida ta yi kyau, ashe kaina na haƙa wa rami. Ya yi ƙwar-ƙwar sau ɗaya ya rufe baki. Na ji ƙarar har cikin ƙwaƙwalwata. Na ga kakana da ya rasu tun ina goye yana yi mani hannu. Jini ya biyo gwiwar hannu, ni kuwa ina murmushi dole, ina ɗaga yatsa da tsuntsu rataye a jiki ina cewa, "Kun gani? Lalle na da mai. Kwakwa ya ɗauka. Ba ruwan tsohuwa."

Kowa ya zuba wa yatsan ido. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Har na fara shirya irin godiyar da zan karɓa.

Sai wani dattijo daga bayan mai unguwa ya gyara murya ya ce, "Ɗan nan, tun yaushe kaka cin ƙulinta?"

Na ce, "Baba, tun kafin in yi gemu."

Ya kaɗa kai ya dubi jama'a. "To ashe ta ba shi ƙanƙara."

Wato ta sa mani ƙanƙarar maita cikin ƙuli na haɗiye, ni ma na zama maye, shi ya sa tsuntsu ya gane ni. Kafin in rufe baki mutanen da ke kusa da ni sun ja da baya. Na ce to hannun hagu fa, da ya hau ya zauna? Mai haƙoran faranti ya ce ai da dama aka cin abinci, nan maitar ta taru. Na ce to wani ya zo a ƙunsa mashi lalle gobe a gwada. Sunka ce su ba mata ba ne. Na ce a kawo kowace mace mai lalle cikin unguwa. Sunka ce wa zai ba tsuntsun maye yatsan matarsa. Na rantse da abin da zai kashe ni, ban taɓa ganin mutane sun yi amfani da basira haka ba. Da rabin wannan kaifin kai sunka sa wajen tambayar mi ke cikin ƙurar injin, da an huta.

Mai unguwa mutum ne mai son kowa ya kwana lafiya, musamman shi. Ya juya wajen Gwaggo ya sassauta murya.

"Inna, ba mu ce ke ta ba. Amma in kin tsallake, hankalin kowa ya kwanta."

Na ce, "Gwaggo, kada ki tashi. Wallahi kada ki tashi. Su kai mu kotu, ni da ke da tsuntsun."

Ba ta ko dube ni ba. Tana zaune ta haɗa hannuwa bisa gwiwa, kuma na ga alamar ba ta da niyyar motsawa ko za a kwana nan. Tsohuwar nan na da taurin kai, na san ta. Da mazan ne kawai, da sun gaji sun watse.

Sai yarinyar ta sake kama jijjiga bisa tabarma. Uwar ta yi rarrafe har gaban Gwaggo, ta kama ƙafarta. Yarinya ce ita ma, haihuwarta ta fari. Ba zargi a muryarta, ba komi sai tsoro.

"Inna, don Allah. Ko ba ke ba ta. Don Allah ki gwada."

Gwaggo ta dube ta. Sannan ta ce, "Tashi, ɗiyata, bar kama ƙafata." Ta tuɓe takalmanta ta jera su gefe, ta gyara ɗaurin zane, ta je ta tsallake yarinyar nan a hankali, tana tattare zane don kada ya shafi fuskarta. Ta juyo ta sake tsallakewa. Ta sa takalmanta. Ta ce wa uwar, "Na yi naku. Yanzu ki yi nawa, ki ɗauke ta ki kai ta asibiti."

Na ce ga babur nan, ni zan kai su. Mai injin ya ce maye ba zai ɗauki ɗiyarsa ba. Wani anka kira ya kai su.

A asibiti anka ɗebi jini anka ce dalma ce, har ta yi yawa. Anka riƙe su makonni ana ba ta magani, anka hana a mai da ita gidan sai an kwashe ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa. Yarinya ta tashi, alhamdu lillahi, yau ta zama budurwa. To ku tambayi unguwarmu abin da ya warkar da ita. "Ai tana tsallakewa jiki ya fara sauƙi." Likitoci da allurarsu da ƙasar da anka kwashe duk sun zama 'yan rakiya. Da yarinyar ta mutu, da sun ce tsohuwa ta riga ta cinye. Da ta rayu, sun ce ta saki. Ku nuna mani ƙofar da anka bar mata.

Tawa maitar ba ta yi mako ba. Duk faɗin tashar nan ni kaɗai ke iya wanke kabireta ta zauna, sai ga su ɗaya bayan ɗaya suna turo babura suna cewa ai sun san wasa ne, ai namiji da wuya ya ɗauka. Wanda ke da sifana a hannu ba ya daɗewa yana maye. Ita kuwa da ba ta da komi sai kasko, ta soya ta fito, ta soya ta fito, ba mai saye sai ni da Inna, mu kuwa cikinmu nawa yake. Yara sunka fara binta da waƙa. Wata safiya ta iske an zuba toka an gicciya mata ƙofa.

Ɗiyarta ta aiko ta koma Gummi. Ni na ɗaure kayanta bayan babur na kai ta tasha, Inna ta rako mu da ƙafa tana share ido da bakin mayafi. Matar da ta yi shekarun da sunka fi nawa a unguwar nan, ta yi wankan jegon rabin matan cikinta, ba wanda ya leƙo ya ce Allah kiyaye hanya.

A motar akwai wata 'yar unguwarmu da goyo, ta riga ta zauna. Tana ganin wadda ake sa wa kaya sai ta tattara nata ta sauka, ta ce za ta jira ta gaba. Gwaggo ta ɗauki ƙullin kayanta ta aza inda matar ta tashi, ta miƙe ƙafa.

"Ka gani, ɗan nan," ta ce mani ta taga. "Yau ko matsi babu. Koma rumfarka, mutane na jiranka."

Na koma na iske su jere bisa benci, babura na jira. Na tsuguna na fara kwance tayar gaba ta babur ɗin mai haƙoran faranti. Can mai haƙoran faranti ya yi hamma ya shafa ciki, ya ce wai don Allah yanzu ina ake samun ƙuli mai kyau a garin nan, na kasuwa duk gari ne.

Na miƙe na turo mashi babur ɗinsa har bakin titi, ba taya a gaba, na ce ya kai Gusau a gyara mashi.